Guɗar Hasiya a Faifai

Litinin, 7 ga Maris, 2016
Faifan ya fara sarƙewa. Fim ɗin banza, daga kuka sai rawa. Ba don matata Hasiya na ciki ba, da tuni na yi marfin kofi da shi. Shekarar da 'yan fim suka zo layinmu a Malali neman matan cika taron suna, ta saci jiki ta je ta rangaɗa musu guɗa. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Matar babban ma'aikacin gwamnati a fim! Sati guda ban ci tuwonta ba. Yanzu shekara biyu da rasuwarta, kuma babu inda muryarta ta rage sai nan.

Laraba, 9 ga Maris
Na kai wa maƙwabcina Kefas, mai kiran kansa injiniya don ya mallaki kwamfuta. Ta yi ta gurnani, ta tofo shi. Wai kamfanin ya sa masa makulli don kada a kwafa. Makulli, a kan wannan shirmen! Wa zai sata?

"Yallaɓai, ai orijina Mama ta saya, shi ya sa," in ji shi. "Da jabun da ake talla cikin baro ne da tuni mun gama."

Wato gaskiyarta ce ta ja mana.

Asabar, 12 ga Maris
Injiniya ya samo wata manhajar fasa makulli. Kullum a kashi arba'in da ɗaya take tsayawa, wai tabo ne. Faifan emti uku sun lalace. Guɗar Hasiya kuwa tana can gaba da tabon.

Lahadi, 13 ga Maris
Kefas na coci. Na shafa wa faifan man goge baki, yadda na ji ana yi, na dirje shi a zagaye. Ashe daga tsakiya zuwa baki ake gogewa, a hankali. Na ƙara lalata shi da hannuna. Tsoro nake ji.

Talata, 15 ga Maris
"Yallaɓai, ka saita wayarka a gaban talabijin kawai ka ɗauka, tun bai mutu ba," in ji Kefas. Ƙarshen injiniyancin ke nan. Aikin 'yan ƙauye.

Juma'a, 18 ga Maris
Da na dawo daga masallaci na jingina wayar da gwangwanin madara. Da ƙyar faifan ya wuce wurin guɗar, sau ɗaya. Da na sake sawa, na'urar ta ce babu faifai a cikinta. Ya mutu.

Hoton da wayar ta ɗauka ya karkace, ga ƙarar fanka. Ga inuwata a gilashin talabijin, daidai kafaɗarta. Tana gama guɗar sai a ji wani tsoho, murya na rawa, yana cewa, "Kai, Hasiya! Madalla."

Kefas ya ce zai iya yanke muryar tsohon. Na ce ya bar min abuna haka, ɓarnar da ya yi ta isa.