Ayun da Aka Ce Ban Gani Ba

Zuwa ga Injiniya Kabiru, Shugaban Sashen Kiyaye Muhalli na kamfanin haƙar mai da iskar gas da na yi wa aiki, ofishin unguwar Dokki, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so.

Ka yi haƙuri da na fito da wannan magana fili. Sau uku ina zuwa ofishinka tun daga Hayyin Ashir, kullum sakatare yana sallamata da ma'alish, wato in yi haƙuri, wai kana taro. Na rubuta da Larabci, na rubuta da Turanci, shiru. Yau na rubuta da Hausa, domin a Hausa dai ban yi kuskure ba, kuma a Hausa muka fara sanin juna.

Saboda 'yan'uwa masu karantawa, sunana Shu'aibu, ɗan masunta ne ni daga Yawuri. Karatun addini ya kawo ni Alƙahira. A shekarar 2011, lokacin da gari ya rikice ɗalibai da yawa suka koma gida, kai ne ka riƙa tara mu 'yan ragowar a gidanka ranar Juma'a kana ciyar da mu. Wata rana aka kawo tuwo da miyar kifi, na ɗanɗana na ce wannan kifin kiwo ne, bai taɓa ganin kogi ba. Hajiya ta leƙo ta tabbatar. Ka yi dariya har ka ajiye cokali, ka tambaye ni asalina, sannan ka ce kamfaninku yana neman wanda zai iya zura wa ruwa ido tun safe har yamma bai gaji ba. Na ce ai abin da aka haife ni a ciki ke nan. Kai ka tura ni horo, kai ka sa hannu aka ɗauke ni mai tsaron ruwa.

Ga yadda aikin yake a wancan lokaci, ko da yake ka fi ni sani. Idan za a kafa dandamalin haƙar mai a Bahar Maliya, da gudumar inji ake buga turakun ƙarfe cikin ƙasan teku, kuma ƙarar tana iya kurumtar da dabbar da ke kusa. Don haka kafin a fara sai in hau saman jirgi da madubin hangen nesa in duba ruwa na rabin sa'a. In babu komai, a fara bugu a hankali yadda abin da ke ƙasa zai samu damar gusawa, kuma a saki kumfar iska ta kewaye turken ta rage ƙarar. In na ga dolfin ko kififiya, sai in ɗauki oba-oba in ce a dakata, kuma a dakata ɗin.

Wallahi ina kewar wannan rabin sa'ar. Injuna duk sun yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana dukan jikin jirgi. Ma'aikata suna kiranta hutun Shu'aibu, suna zolayata wai in ƙara dubawa da kyau ko za su samu su ƙarasa shayinsu. Rayyis Hamdi, tsohon matuƙin jirginmu, yakan zo ya tsaya kusa da ni da kofinsa. Ranar da ka kawo mana ziyara ka tsaya tare da mu, a gaban kowa ka ce, "Idan Shu'aibu ya ce a tsaya, ko ni ne a kan injin nan sai na tsaya." Na daɗe ina tinƙaho da wannan magana.

A can gida, ina yaro, akwai ayu a koginmu. Dabba ce babba mai kunya, ciyawa take ci, tana shayar da ɗanta. Idan kwalekwalenmu ya zo inda take kiwo, mahaifina yakan ɗaga filafili daga ruwa mu wuce a hankali, shi ya koya mini gane ta tun kafin ta fito, daga yadda laka ke tasowa da ɗan da'irar da hancinta ke bari. Kafin in baro gida an daina ganinta a wajenmu. Wasu sun farauce ta, amma galibi babu wanda ya tashi da niyyar ƙarar da ita. Jiragen inji ne suka yi yawa, raga ta cika ko'ina, kowa yana sauri, muka wayi gari babu ita. Mahaifina ya rasu yana cewa za ta dawo.

To ga abin da ya faru a hunturun bara, wato lokacin sanyinsu na nan. An kai mu sabon wuri mara zurfi, ƙasansa duk ciyawar teku. Da safe ina kan dubawa sai na ga laka tana tasowa a layi ɗaya. Can sai ga hanci ya fito ya shaƙi iska, sai ga wani ƙarami a gefensa. Uwa ce da ɗanta. Na ce a dakata. Sabon manajan wurin ya hau sama yana ta yalla yalla, wato a yi sauri, wai jirgi ba ya jiran kifi. Na ce masa ba kifi ba ne. Rayyis Hamdi ya karɓi madubin ya duba, ya ce arusatul bahar ce, amaryar teku, shi ma rabonsa da ita tun yana saurayi. Ba a fara bugu ba sai bayan azahar, da suka yi nisa.

Na zauna zan cika littafin aiki, jikina yana kan teku zuciyata tana Yawuri. A raina ayu na gani, sai na rubuta sunan Turanci na ayun koginmu, alhali ɗan'uwansa na teku sunansa daban. A horo an koya mini bambancin, ban manta ba, alƙalami ne ya bi zuciya.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga Dokki. An ce dabbar da na rubuta ba ta rayuwa a wannan teku, saboda haka ganin nawa bai tabbata ba, tsayar da aikin kuma ba shi da dalili. Ba a sabunta kwantiragina ba. Wannan ya yi mini ciwo, amma layin ƙarshe ne ya hana ni sukuni: wai tunda babu shaidar wata dabba a wurin, ba a buƙatar mai tsaron ruwa a can daga yanzu.

Ranka ya daɗe, ga abubuwan da nake so ka duba.

Na farko, kuskuren suna nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Idan don shi aka sallame ni, na karɓa.

Na biyu, a wannan shafin, ƙasa da sunan, na bayyana abin da na gani. Na rubuta cewa wutsiyar a rabe take gida biyu. Wutsiyar ayun kogi kuwa zagayayya ce kamar faifai. Duk wanda ya karanta shafin har ƙarshe zai gane wace dabba ce. Wanda ya rubuta takardar ya karanta kalma ɗaya, ta yi masa daidai da abin da yake so, sai ya rufe littafin. Kuma har yau babu wanda ya tambayi Rayyis Hamdi, ga shi nan da ransa, da idonsa ya gani.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi a bakina, sa hannunka ne a ƙasan takardar. Na san kai mutumin tudu ne, ruwan garinku bai wuce na rijiya ba, kuma na sha yi maka tsiya da haka. Amma sau nawa na ba ka labarin ayu a falonka? Kai kaɗai ne a duk ginin nan za ka ga wannan suna ka gane nan take abin da ya sami Bahaushen da ya rubuta shi. Ina kyautata zaton tulin takardu aka ajiye maka ka sa hannu ba ka karanta ba. Na gwammace in yarda da haka, domin ɗayan bayanin ba zan iya ɗaukarsa ba.

Ba na gaba da haƙar mai. Da ita na ciyar da iyalina shekara uku, kuma na ga da idona ana iya yinta da hankali, tunda mun yi. Dandamali nawa muka kafa da dubawa da bugu a hankali da kumfar nan, kuma ba wanda ya kasa kafuwa saboda an jira rabin sa'a.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A buɗe littafin a gyara sunan, a ji ta bakin Rayyis Hamdi, a soke layin da ya ce babu dabba a wurin. Sannan a mayar da mai tsaron ruwa kafin a ci gaba da aiki, tare da ikonsa na cewa a dakata. Ba dole sai ni ba. A ɗauki duk wanda aka ga dama, zan zauna da shi in nuna masa abin da zai duba, ba na neman komai.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne na ji za a koma bugun sauran turakun bayan Babbar Sallah, a wurin nan dai. Ayu takan shayar da ɗanta fiye da shekara, kuma ba ta nisa da ciyawar da ta saba. In lissafina daidai ne, ba ta yaye shi ba tukuna. Ranar da gudumar za ta sauka suna nan a ƙasa, kuma a takardar ofishinka babu su.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya saka maka da alherin da ka yi mana lokacin da ba mu da kowa a garin nan. Allah ya sa wannan ta iso hannunka kafin Sallah.

Wassalam.

Ƙanenka,
Shu'aibu mai tsaron ruwa,
Hayyin Ashir, Alƙahira.