Shugaban Kwamiti Ya Sauka Daga Kujera

Ya ke Malama, farin watana, inuwar da nake gudowa in rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, sanyin da ke sauka a ƙirjin mai aikin ƙarfi in ya kafa kai a kofi! Gaisuwa mai yawa daga mijinki kafinta, wanda kwanan nan ya samu ƙarin girma a cikin falonsa, bai kuma ji daɗin muƙamin ba.

Tun shekarar da ruwa ya cinye gadar kasuwa nake son ki. Na san kin manta, don kanki cike yake da littattafai, nawa kuwa ba komai a ciki sai abin da ya faru. A shekarar ne kika shigo shagona da kujerar ajin da kike koyarwa, ƙafarta a karye, kin zagayo ta doguwar hanya, laka har idon sawu, kina yi wa kujerar faɗa kamar ita ta karya kanta. Na gyara ta tsaf. Washegari sai ga ki kin dawo da ita, wai tana rawa. Malama, kujerar da na gyara ba ta rawa. Na gane, na ƙara mata ƙusar da ba ta buƙata. Ke ma kin san na gane. Wace jami'a ce ke koyar da irin wannan?

Wannan ba rubutuna ba ne, kin sani. Mai buga takardu na bakin ƙofar jami'arku, wanda ya buga miki kundin bincikenki, shi ke dannawa ina faɗa. Ya ce in taƙaita, wai masana sun gano wasiƙar da ta wuce shafi ɗaya ba a karanta ta. Na ce ya ci gaba da danne-dannensa, masanan ba su taɓa son kowa ba.

Da yaranmu suka tashi kowa ya kama gabansa, kika ce za ki koma karatu. Wa ya ƙera miki teburi? Wa ya jera kantoci a bango har ɗakin ya rasa inda za a rataya madubi? Digiri na ɗaya ya zo, na yi murna. Na biyu ya zo, na ce ai an gama. Ashe akwai na uku a laɓe, babbansu, mai cinye dare da rana, a kan ciwon da ke kama saiwar wake. Wake, Malama! Wasu mazan kishi suke yi da mutane, ni da wake nake yi. Kin fi sanin abin da ke damun saiwarsa fiye da abin da ke damun gwiwata, amma ban taɓa ƙorafi ba, sai dai kullum.

To, da aikin ya zo ƙarshe, sai aka tura ku wurin matar nan ta ofishin shawara, mai koya wa masu babban digiri yadda ake neman aiki. Ikon Allah! Mutum ya ƙare karatun duniya, sannan a zaunar da shi a koya masa yadda zai shiga ɗaki ya gaishe da mutane. Ita ce ta ce ki tsara gabanki tun yanzu. Ita ce ta nuna miki cibiyar binciken nan ta can nesa mai neman irinki. Ita ce kuma ta ce kafin ki je intabiyu ki nemi wani a gida ya zauna kamar kwamiti ya riƙa yi miki tambayoyi. Kika duba gidan nan, ba kowa sai ni da kyanwa. Aka ba ni shugabancin kwamiti.

Kika karanta mini tambayoyin sau ɗaya na riƙe su. Na sa rigata ta fita, na maƙala fensir a kunne, na zauna a bayan teburi da kofin ruwa a gabana. Ke kuma ki fita daga falonki, ki ƙwanƙwasa ƙofarki, ki shigo da sallama kamar ba ke ce kika share wurin da safe ba. Wayyo, kyan da kike yi in kin shigo ɗin nan! Kafaɗa a miƙe, ido cikin ido, murmushi daidai awo, kamar kurciya ta koyi tafiyar soja. Ni da ya kamata in murtuke, sai zuciyata ta riƙa bugawa kamar guduma a hannun sabon shiga.

Na ce ki ba mu labarin kanki. Kika bayar, tiryan-tiryan, daga makaranta zuwa makaranta. Labari mai daɗi, sai dai ban gane matar ba. Ba ta taɓa goyo ba, ba ta taɓa kuka ranar da malaminta ya dawo mata da babi jajir da jan biro ba, ba wanda ya taɓa dafa mata shayi. Na ce ki faɗi rauninki. Kika sunkuyar da kai kika ce kina da yawan son aiki. Malama, na kusa shaƙewa da ruwa. Da shugaban kwamiti aka tambaya, da ya ba da labarin tukwanen da suka ƙone kina karatu, da makullan da muka yi ta nema suna hannunki. Amma na gyaɗa kai irin na manya, na yi kamar ina rubutu.

Na ce ina kike ganin kanki nan da shekara biyar. Idonki ya kawo haske, irin hasken da na gani ranar kujera. Kika ga ɗakin gwaji, kika ga gonar gwaji kore shar, kika ga ɗalibai suna biye da ke, kika ga sunanki a bangon littafi. Na yi ta leƙa bayan ɗaliban nan ko zan hango wani tsoho mai dusar katako a gira. Na ce ƙila yana bayan wake.

Sai tambayar ƙarshe. Da bakina na yi ta, ba wanda ya tilasta mini. Na ce, in mun ɗauke ki, akwai abin da zai hana ki tasowa ki zauna a wurinmu? Kika dube ni ido cikin ido, yadda aka koya miki, kika ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Kin ci jarrabawa, hasken idona. Ko gezau muryarki ba ta yi ba. Na ce kwamiti ya tashi, na fice. Tun ranar ban ce miki komai ba sai ina kwana, ke kuma kika kwashe takardunki kika koma gidan ƙanwarki, wai can ya fi shiru. Nan ɗin fa? Nan shiru ya yi yawa har ina jin gara tana cin ƙofar maƙwabta.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ni ne na tsaya a gaban yara da surukai, ranar da aka fara zancen aikin nan, na bugi ƙirji na ce gawata ce kaɗai za ta bar unguwar nan. Na faɗa. A nan ubana ya koya mini riƙon zarto, na san wanda ya dasa kowace bishiya a layin nan, na san gidan da aka haifi kowa da ranar da aka fitar da kowa. In na tafi, wa zai riƙe musu duk wannan? Amma Malama, tun yaushe kika fara ɗaukar maganata? Na ce kada a fenta ɗaki shuɗi, shuɗi ne. Na ce digiri biyu sun isa, ga mu a na uku. Tsawon zamanmu kina tsallake maganata kamar kwata, sai wannan ɗaya kika ɗauka kika goge kika ajiye a kanta? Har kun gama shiri da babbar 'yarmu za ta riƙa leƙo ni, ke kuma ki riƙa kira a waya. A waya! Ana shan inuwa a waya? Ana jin ƙamshin ruwan farko a waya?

Ba na ce kada ki je ba. Wallahi in kika fasa saboda ni, sai na fi kowa jin haushinki, don na ga yadda idonki ya yi. Ki je ki ba su amsar nan yadda kika ba ni, kada ki canja ko harafi. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A cikin shekara biyar ɗin nan da kika hango, ki matsar da ɗalibi ɗaya gefe kaɗan. Ba na cin wuri. Duk inda ake bincike akwai kujera mai karyayyar ƙafa da ƙofar da ba ta rufuwa. Rauni kuwa ba sai an tambaye ni ba, taurin kai ne, kuma ke ce shaidata.

Ni naki ne, tauraruwar asubahina, naki tun ba ki da digiri ko ɗaya, naki in sun kai goma, naki a unguwar nan, naki a garin da ban san sunan kowa ba, har ranar da za a auna ni awon ƙarshe.

Gobe da safe zan tsallaka titi in je shagon Gajere, kafintan nan da na yi shekaru ina faɗa wa duniya bai iya daidaita ƙafar teburi ba. Zan gaishe shi da kyau. Zan miƙa masa makullin shagona da ayyukan mutane da ban ƙarasa ba. Zai yi dariya har ya riƙe ciki, zai kira masu shaguna su zo su ga gawa tana tafiya da ƙafarta. Zan tsaya ya gama. Daga nan sai gidan ƙanwarki. Zan ƙwanƙwasa, in shigo da sallama, kafaɗa a miƙe. Ke za ki zauna a bayan teburi.

Mijinki,
Kafinta