Inna, Na Yi Guɗa Ranar Sunan Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan kina kwance cikin ni'imar Ubangiji. Dalilin wannan wasiƙa albishir ne, amma sai na fara gaya miki abin da ya same ni bayan tafiyarki.

Kin san duk Babankatami ba a aure ko suna sai an jira guɗarki. Tun ina yarinya kike koya mini, kina cewa, "Rabi, buɗe maƙoshi, ba a guɗa da kunya." Kowa ya ɗauka ni zan gaje ki.

To Inna, da aka kai ki makwanci ni ma sai na kwanta. Aka share makoki, mutane suka watse, ni ban tashi ba. Tuwo ya koma kamar ƙasa a bakina. In kuma na ji sallama a ƙofar gida, sai gabana ya yi ta faɗuwa, zufa ta karyo mini. Ana biki a maƙwabta ina ƙuryar ɗaki na toshe kunnuwa. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta ce iska ce. Na sha hayaƙi har zannuwana suka daina jin sabulu.

Ungozomar asibitinmu ce ta gane ciwon. Ta ce akwai wata likita a Yamai da ke duba irina ta wayar salula, ana magana ana ganin juna. Na ce ni da zaure ya gagara, ina ni ina Yamai? Ta ce ai ko takalmi ba sai na sa ba.

Sai rezo, wato layin wayar, ya ce bai san zancen ba! Gidanmu kaf babu inda yake kamawa sai saman rumbunki. Duk Talata da hantsi sai in jingina tsani in hau, in zauna can sama ina kuka ina magana da waya. Gwaggo ta riƙe haɓa tana cewa aljanun zamani har salula gare su. Daga baya ita ke riƙe mini tsanin, tana korar yara kar su saurara.

Likitar 'yar wajen Kaita ce, harshenta irin namu. Ba ta taɓa ce mini na rasa tawakkali ba. Ta ce ciwo biyu ne suka haɗe mini kai: damuwa ta kwantar da ni, fargaba ta tsare ƙofa. Ta koya mini jan numfashi a hankali idan gaba ya faɗi, tana kuma ba ni ɗan aiki kowane mako. Da farko ƙofar gida, sannan rijiya. Ranar da na gwada kasuwa, daga wajen masu albasa na juyo da gudu, na baro takalmi ɗaya. Na ce shi ke nan, ba na warkewa. Ta ce ai na kai wajen masu albasa, in koma.

Na koma, Inna.

Sai ga matar Illa, autanki, ta sauka, aka samu mace. Ranar suna liman ya raɗa mata sunanki, sunan nan da bakina bai taɓa faɗa ba. Labari ya shigo cikin gida, mata suka yi tsit, kowa na kallon gindin itacen bedin da kike tsayawa ki yi guɗa. Wallahi ƙafafuna ɗaki suka nufa. Na ja numfashi yadda aka koya mini, na taka har gindin itacen, na kama hanci na rangaɗa guɗa. Ta farko ta yi rawa. Ta biyu kuwa har maza a waje sai da suka waiwayo. Gwaggo ta saki ludayi ta fashe da kuka, tana cewa, "Ta dawo, wallahi ta dawo!" Ban tambaye ta ni take nufi ko ke ba.

Ba zan ce na warke sarai ba, har yanzu ina hawa tsanin. Amma an riga an aiko nemana bikin wata mai zuwa, kuma na ce ina tafe.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya raya mana takwararki. Masu irin ciwona, Allah Ya haɗa su da mai sauraronsu. Amin.

Ɗiyarki mai guɗa,
Rabi