Linzamin Tsintsiyar Inna

Litinin, 1 ga Rajab 1375
Baturiyar makarantarsu ta ba ƙanwata Zinatu littafi mai hotuna, wai ta zo ta ɗaya. Baba har da sayo mata tsire. Ni da na kai izu ashirin fa? "Allah ya yi albarka, Kailani." Shi ke nan.

Laraba, 3 ga Rajab
Na ce ta nuna mini, ta ce hannuna duk tawada. Ni! Tana tafiya rijiya na buɗe. Wata 'yar mayya ce mai doguwar hula, ta hau tsintsiya ta yi sama da baƙar kyanwa. Rubutun kamar sawun kaji. Ko harafi ɗaya ban gane ba.

Juma'a, 5 ga Rajab
Na ɗaura wa tsintsiyar Inna linzamin igiya, na jingine a zaure. Na gaya wa yaran unguwa na ga Zinatu a kai, ta bi ta saman masallaci. Ta yi kuka. Maganinta ke nan.

Talata, 9 ga Rajab
Sabo, ɗan maƙwabciyarmu Kulu, yana zazzaɓi, yana sambatu da sunan Zinatu. To ba ita ke goya shi kullum ba? Mutanen unguwarmu Tudun Wada ba su san wasa ba. Yau ko mutum ɗaya bai sayi ƙosan Inna ba.

Alhamis, 11 ga Rajab
Da hantsi Kulu ta shigo da mata, suka shimfiɗe Sabo a tsakar gida. "Zinatu ta fito ta tsallake shi, ta sakar mini kurwar ɗa!" Inna ta ce kaf danginmu babu maye. Ba mai saurare. Kowa ya sani, wadda ta tsallake mara lafiya ta amsa sunan mayya har kabari. Baba ya wurga littafin murhu. Zinatu ta ɗaga ƙafa za ta tsallake.

Ban san lokacin da na ture ta ba. Na ce ni na ɗaura igiyar, ni na ƙaga zancen, in tsallake kuke so ga shi. Na tsallake Sabo, na dawo, na sake. Sai na ciro littafin daga wuta.

Na sha dorina. A tsaye nake rubutun nan. Manya da su, tsintsiya ta ruɗa su!

Laraba, 17 ga Rajab
An yi wa Sabo allura a asibiti, ya tashi. Kulu ko haƙuri ba ta bayar ba.

Asabar, 20 ga Rajab
Na liƙe bangon littafin da ƙaron da nake haɗa tawada da shi. Ba don Zinatu ba, ƙaron ne ya yi yawa. Ta zauna tana karantawa da ƙarfi, kamar ba da ni take ba: wai mayyar tana da wa mai baƙin ciki, shi ya ɓoye mata tsintsiya. Ita ta ƙara wannan, na sani.

Ta ce, "Yaya, juya shafin." Sai da na je na wanke hannu.