Mai Furar Kasuwar Maigatari

Gwaggo Mero,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya mutanen Gumel? Mu a Kwatano lafiya lau, tsayuwar gadi ce dai take cin ƙafa.

Wani Badamagare ya turo mini ta waya wani tsohon fim marar kala na kasuwar Maigatari. Ni ina son irinsu, amma 'yata Khairiyya da ƙannenta sun ƙi kallo. Na zaci rashin kalar ne, sai ta ce, "Baba, mai furar nan mu take yi wa dariya."

Na karɓi wayar. Sau uku ina mayar da fim ɗin baya, sau uku matar tana kawar da kai, yadda marigayiya Inna take yi mini kunyar ɗan fari.

Allah ya ƙara miki lafiya. Gwaggo, Inna ta taɓa tallan fura a Maigatari?

Ɗanki,
Sirajuddeen