Ba a Kan Buzu Ka Haye Ba

Zuwa ga mai girma Shugaban Jam'iyyarmu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, ni ne Ɗan'azumi mai fito a mashigin Auyo. Ƙara na yi niyyar kawowa, sai ga shi rabinta ya koma godiya.

Na ɗaya. Daminar bara, da kogi ya cika ya shanye gonakin shinkafa, ka zo neman ƙuri'a, motarka ta tsaya a bakin ruwa. Ni na ɗauke ka a jirgina. Hannu biyu ka riƙe gefensa, sau uku kana tambayata ko akwai kada. Ban ga laifinka ba, ruwan ranar ni ma ya ba ni tsoro.

Na biyu. Kafin mako ya zagayo, maroƙa sun baza cewa buzu ka shimfiɗa a kan ruwa ka haye, Baturen mulki yana kallo har hularsa ta faɗi. Da na ce a kasuwa ni na fitar da kai, sai aka ce ɗan adawa ne ni, mai hassada. 'Yan jam'iyya suka ƙaurace wa jirgina wata bakwai. Surukina ma ya daina gaishe ni. Shekara talatin ina fito, ba a taɓa kirana maƙaryaci ba sai a kanka. Wallahi abin ya ci mini rai.

Na uku. A laccarka ta Hadejia, ka faɗa da bakinka cewa ko iyo ba ka iya ba, wani dattijo ne ya haye da kai. Ina gyaran komar kamun kifi aka kawo mini labarin, na ajiye ta na yi sujada. Alhamdulillahi! Washegari jirgi ya cika, har da wanda ya fara zagina, kansa a sunkuye.

Sai dai ba ka ambaci sunana ba, maroƙan kuma ba su fasa ba. Ina roƙo ka sa a buga gaskiyar a jarida, ka tsawata musu tun wani wawa bai gwada buzu a kogi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da masu zuga. In ka sake zuwa, jirgina yana nan. Ka taho da buzun ka zauna a kai, don yanzu yana ɗan yoyo.

Wassalam.

Naka,
Ɗan'azumi Mai Fito