Baba, Na Kai Takwaranka Kala

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa da ban girma daga ɗanka Sani, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa.

Kaka ta zo mana nan Zinyau, mun cire gyaɗa, kuma ta yi kyau, alhamdu lillahi. Amma ba albishir ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar jikanka ce, wanda muka sa wa sunanka muke kiransa Abba. Bai kai shekara bakwai ba, sai baki da kaifin ƙwaƙwalwa kamar naka.

Bayan mun kwashe gyaɗa, wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo gonarka ta bakin rafi da ƙwarya da guntun fartanya, tana tonon ragowar da ta maƙale a ƙasa, kamar yadda aka saba yin kala tun kafin a haife ni. Ina can nesa ina ɗaurin harawa, sai na ji Abba yana daka mata tsawa, wai gonarsu ce, ta fita. Har da jifa da hoge. Kafin in iso ta juye abin da ta tara, ta tafi ba ta ko waiwayo ba. Shi kuwa ya taro ni yana murmushi, yana jiran in yaba masa.

Baba, ban iya dukansa ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoron in raini yaron da zai ga mai yunwa zuciyarsa ba ta motsa ba.

Sai na tuna yadda kake tura mu kala gonakin mutane, alhali rumbunmu a cike yake. Maƙwabta na dariya, Inna na fushi wai ka zubar mana da mutunci. Kai kuwa sai ka ce, ku je ku durƙusa a gonar wani, in kun dawo ma yi magana. Ba mu taɓa yin maganar ba, don duk wanda ya dawo ba ya buƙatarta.

Na je wajen abokinka Malam Idi, wanda gonarsa ke kan hanyar Rurum. Ya tsufa ƙwarai, amma ina fara bayani ya gane, har ya share hawaye. Washegari na ba Abba ƙwarya, na bar shi cikin mata da yaran da ke kala a gonar, na zauna gindin ɗorawa ina kallo. Ya yi tono, ya yi kuka, ƙasa ta cika masa farce. Wata yarinya 'yar rugar Fulani ta nuna masa inda ake samu, ta kuma raba masa ruwanta. Da rana ta take, abin da ya samu bai rufe gindin ƙwaryar ba.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa ƙofa ya ja rigata, ya tambaye ni, ita tsohuwar da ya kora, me ta ci ran nan.

Tun daga ranar muka shiga nemanta, Baba. Mun yi cigiyarta har kasuwar Kibiya, ba wanda ya san ta. Abba ya hana a taɓa gyaɗar da ya kalato, ya ce tata ce, kuma kullum sai ya je bakin gonarka ya duba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa jikanka da wannan baiwar Allah tun tana raye.

Ɗanka mai kewarka,
Sani